Dutsen Kabarin Tamu

Tun da hantsi ƙadangarun ƙarfe ɗari biyu suka bazu a hamadar arewacin Sabuwar Ingal, suna sunsunar yashi da hancinsu na maganaɗisu. Dakta Sahura ce ta ƙera su, don su riƙa kwaso mata duwatsun sama, masu nauyin ƙarfe da baƙin ɓawo na ƙuna. Duwatsu ne da ke shawagi a sararin samaniya tsakanin taurarin Mirrihi da Mushtari, har wani karo ya jefo su Duniya.

Ranar Talata suka kawo wani dutse kamar kan rago. Sahura ta raba shi biyu da wuƙar haske, sai ga ƙwayoyi a ciki kamar gero. Na'urar awo ta ce ya girmi Duniya. Ko abinci ba ta tuna ba.

Tana cikin haka wani tsohon madugun fataken gishiri, Baba Agali, ya yi sallama.

"'Yata, ke ce mai ƙadangarun nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon dutsen. Ta ba shi madubin ƙara girma, ta gaya masa asalinsa. Ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Ikon Allah! Ni dai na ga ya fi sauran nauyi, iska ba za ta gusar da shi ba. Shi na ɗora a kabarin matata Tamu, da ta rasu muna kan hanya. Shekara arba'in ina zuwa. Bana na yi ta kewaye, ban ga komai ba."

Sahura ta buɗe ƙwaƙwalwar ƙadangaren da ya kawo dutsen, alhali ta san abin da za ta tarar. Ita da kanta ta sa su riƙa goge wurin da suka yi tsintuwa daga ƙwaƙwalwarsu, don kada ɓarayin duwatsu su bi sawu.

Washegari ta kashe na'urorin duka, ta ɗauki tsohon a motarta mai tashi. Kwana uku suna nema, yashi duk iri ɗaya. A na huɗu ya ce ta sauka. Ya haɗa ɓarin dutsen biyu ya ajiye a kan yashi.

"Nan ne, Baba?"

"Ban sani ba. Nan ma ƙasar Allah ce."

Ya ɗaga hannu yana addu'a. Sahura kuwa hankalinta na kan ɗakin ajiyarta, inda duwatsu dubu huɗu ke jere. Ba ta taɓa tambayar ko akwai na kabarin wani a cikinsu ba.