Tsohon Da Kunnensa Ya Ji Saukar Jirgi

A wani zamani, a wata ƙasa mai tsaunuka, an yi wata mata mai tuƙa ƙaramin jirgin sama. Aikinta kai marasa lafiya asibitin birni. Jirgin yana da na'urar da ke riƙe tuƙi da kanta, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Wata safiya ta ɗauki wani tsoho makaho da za a yi wa aikin ido. Da suka shiga gajimare, ta kunna na'urar, ta duƙufa duba taswira.

Can sai tsohon ya ce, "'Yata, kunnena ya toshe. Kamar muna sauka."

Ta ce, "Kwantar da hankalinka, Baba. Na'ura ce ke tuƙi."

Jim kaɗan ya sake cewa, "'Yata, kamar muna sauka."

Ta buɗe baki za ta maimaita amsarta, sai ta ji nauyin tsohon. Ta ajiye taswira, ta dubi ma'aunin tsayi. Ashe na'urar ta lalace, jirgi yana gangarowa a hankali, ga tsauni a gabansu! Nan take ta kashe ta, ta kama tuƙi da hannu biyu, ta ɗaga jirgin sama. Suka tsallake da ƙyar.

Da suka sauka lafiya, ta durƙusa ta riƙe hannunsa. Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Na ƙi jin maganarka da farko."

Tsohon ya shafa kanta, ya ce, "Ai kin ji ta biyu. Allah ya yi miki albarka. In aka buɗe mini ido, ki zo, fuskarki nake so in fara gani."