Makin Atine

A garin Gummi akwai wata yarinya 'yar aji biyu a sakandare. Mahaifinta ya rasu. Innarta ke riƙe da ita da sana'ar bandar kifi.

Makarantarsu na da kwamfuta ɗaya tak. Malam Ezra mai koyar da lissafi ya haɗa musu shafin intanet. Rannan ya ƙara wa shafin wurin rajista. Kowa ya sa sunansa, ya zaɓi kalmar sirri.

"Da sunanka da kalmarka za ka shiga," in ji Malam. "In ka gama, ka danna wurin fita. In ba haka ba, duk abin da na bayanka ya rubuta, a sunanka zai zauna."

Ranar Laraba aka yi gwaji a shafin. Wanda ya fi kowa maki, shi zai je gasar lissafi a Gusau.

Yarinyar ta shiga. Tambayoyin suka gagare ta. Haushi ya kama ta, ta tashi ba ta danna fita ba.

Wata 'yar ajinsu, Atine, ita ce a bayanta. Ta tarar da tambayoyi a buɗe, ta zauna ta amsa su duka.

Washegari Malam ya kira sunan yarinyar a ta ɗaya. Aji ya ɗauki tafi. Atine kuwa aka ce ba ta yi gwajin ba. Ta rantse ta yi, amma babu sunanta. Ta kifa kai tana kuka.

Yarinyar ta gane abin da ya faru. Ta ɗauki jakarta ta tafi gida.

Da Inna ta ji labari, ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar ta gaya wa rabin kasuwa. Ta zaɓo kifi mafi girma ta sa a miya. Yarinyar ta kasa ci.

"Ke, mi ya same ki?"

"Inna, makin ba nawa ba ne. Na Atine ne."

Ta faɗi komai. Inna ta ajiye ludayi.

"Shekara tara ina banda, ban taɓa sa kifin wata a faifaina ba. Gobe tare za mu makaranta."

"To mutanen kasuwa fa?"

"Ni na faɗa musu, ni zan warware. Ba ruwanki."

Da safe yarinyar ta tsaya gaban Malam. Ta faɗi gaskiya, ta ba Atine haƙuri.

"Atine ce za ta Gusau," in ji Malam.

"Wannan daidai ne," in ji Inna. "To ɗiyata fa? Ta kawo gaskiya har gabanka, sai ta koma hannu wofi?"

"Inna, ai nan ba kasuwa ba ce," in ji Malam.

"Awo, na sani. A koya mata tambayoyin da suka kayar da ita. Kullum."

Malam ya yi dariya. "Sau ɗaya a mako."

"Albarka. Sau uku."

"Ni zan koya mata sauran biyun," in ji Atine.

"Na sallama," in ji Inna.

Atine ta je Gusau ta zo ta biyu. Yarinyar ce ta fara rungume ta a tasha.

Yara, in kun gama aiki a shafi, ku fita kafin ku tashi. In kuma aka yabe ku kan aikin wani, ku faɗi mai shi.