Dutsen Goge Kaushin Kaka

Da hutu ya zo, Baba ya kai Auta ganin wani dutse mai aman wuta. Dutsen ya daɗe da yin shiru. Narkakken dutsen da ya taɓa amayarwa ya daskare, ya zama fili baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya.

Jagoransu ya nuna musu ƙananan tarin duwatsu, an jera su nesa-nesa.

"Waɗannan su ne hanyarmu," in ji shi. "A wasu wuraren ɓawo ne kawai a sama, rami a ƙarƙashi. Daga tari sai tari, ban da kaucewa."

Auta kuwa sarauniyar tsince-tsince ce. Kusa da bakin wani kogo, ta hango dutse mai huji-huji a gindin tari. Sai ta tuna da kaushin ƙafar Kaka. Ta zare shi a hankali. Tarin ya rushe, duwatsun suka gangare. Ta waiga, ba wanda ya gani. Ta jefa shi jaka, ta bi bayansu.

Suna dawowa, gajimare ya sauko ya rufe ko'ina. Jagora ya tsaya cak.

"Ikon Allah! Ban ga tari na gaba ba. Kowa ya tsaya inda yake."

Baba ya riƙe hannun Auta gam. Sai ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba, ni na rushe shi," ta ce da kuka. "Kaka na ɗaukar wa dutse. A bakin kogo ne."

"Kogo? Madalla, na gane wurin!" in ji jagora.

Ya shige gaba yana ƙwanƙwasa ƙasa da sanda, suna bin sawunsa. Suka iske duwatsun a warwatse. Auta ta mayar da nata, suka sake gina tarin tare.

Da suka sauko gindin dutsen, jagora ya tsinto wani mai huji-huji ya miƙa mata.

"Ungo, 'yata. Wannan ba ya tsaron ran kowa."

"Na gode, Kawu! Allah ya saka da alheri."

Ranar Auta ta gane cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba ta ƙara taɓa abin da aka ajiye don amfanin jama'a ba. Kaka kuwa har yau tana goge ƙafa tana sa wa jagora albarka.