Ƙasar Sawun Zayyanu

A bakin filin kokawa na Giyawa Zayyanu ya fara ganin Kyauta. Ya tashi daga ƙasa, bayansa duk yashi, ɗan kokawar Goronyo na can yana kirari. Kowa ya kau da kai. Ita kaɗai ta miƙo masa ludayin fura.

"Sha, Giwa."

"Giwar da anka kayar?"

"Ai na ga ta tashi."

A shekarun nan Nasara sun kwashe samarin gari zuwa aikin haƙar ma'adinin kuza, gero ya yi tsada, kasuwa ta mutu. Abin da ya rage wa Giyawa kokawar kaka ce, ita ma tun Zayyanu na yaro ba su ci Goronyo ba. Kowace shekara tsofaffi su karkaɗe riguna su ce, "Sai baɗi." Gaba gare su Maccido, uban Zayyanu, wanda ya rantse ba ƙarfi ake fin su ba, asiri ne.

Zayyanu ya riƙa zuwa zance har shekara ta kewayo. Da maganar aure ta tashi, Maccido ya ce a'a.

"Uwatta 'yar Goronyo ta. Kuma an gan ta bayanka tana duƙawa inda ka taka. Mi ɗiya ka nema ga sawun ɗan kokawa in ba ƙasa ba? Ta kai ma kawunnenta, su kai ma boka."

"Baba, ƙarya anka yi mata."

"Bi ta ka gani."

Maganar ta shige shi. Ya tuna ita kaɗai ba ta yi baƙin ciki ba ranar da anka kayar da shi. Ya bar shan furarta. Ta tare shi ta ce, "Giwa, mi na yi maka?" Ya wuce.

Ana gobe kokawa, ya taso daga yashin gulbi inda yake motsa jiki, ya laɓe bayan gawo. Sai ga ta, tana waige-waige, tana duƙawa. Zuciyarsa ta yi baƙi. Ya fito ya damƙe hannunta.

"Buɗe!"

Guntun tsintsiya ne. Ya duba bayanta. Hanya sumul har bakin ruwa, babu sawu ko ɗaya.

"Tun bara nike share shi," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Na ji tsohonka na cewa da ƙasar sawu aka kada ku. Na ce to, in babu sawun, mi za su ɗiba?"

Zayyanu ya saki hannun. "Ƙanwata, yafe mini."

"Sai ka sha fura."

Ya jawo ubansa ya nuna masa hanyar. Maccido ya daɗe yana kallo.

Washegari gari duk ya fito, har guragu. An daɗe ana riƙo. Zayyanu ya ɗaga mutumin Goronyo sama, mata sunka fara guɗa. Sai mutumin ya sa masa ƙafa, Zayyanu ya sake shan ƙasa.

Idanu sunka juya kan Kyauta. Wani ya ce, "Ga ta nan!"

Maccido ya miƙe ya buga sanda.

"Ku bar ɗiyar mutane. Ni na ga hanya da idona, babu abin da anka ɗiba. Ƙarfi anka fi ɗana."

Ba a taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Ya karkaɗe riga.

"Kokawa, sai baɗi. Aure kuwa, Juma'a."

Haka anka yi. 'Yan Goronyo sunka zo ɗaurin auren 'yar ƙanwarsu, anka ba su tuwo, ba a ba su tabarma mai kyau ba. Cikin kayan amarya har da guntun tsintsiya.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su ɗa mai faɗin ƙirji.