Zare Mai Ƙaya

Dokta ta cillar da jakarta kan kujera, ko takalmi ba ta cire ba. Yayarta da ke ninke kaya a falo ta ɗago kai.

"Lafiya? Kin shigo kamar an biyo ki!"

"Yaya, kin san wadda zan duba gobe? Hajiya, uwar Injiniya! Wai fuska take so a ɗaga mata, bikin autarta ya matso. Ba ta san ni ce likitar ba."

Yaya ta tafa hannu. "Allah ya kama ta! Ki ja mata kumatu har ƙeya, ko kuka take a ga tana dariya!"

Injiniya ya daɗe yana son Dokta, ita ma haka. Laifinta ɗaya, ta ɗan girme shi. Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, falo cike da baƙi, Hajiya ta ƙare mata kallo ta ce, "Suruka ka kawo min ko ƙawa? Dubi gefen idonta!" Aka kwashe da dariya. Maganar aure ta tsaya cak. Shi ya ƙi neman wata, ya kuma ƙi saɓa wa uwarsa. Ita kuwa kalmar nan kullum tana ci mata rai.

Washegari Hajiya ta haye kujerar asibiti tana ƙamshin turare. Dokta ta rufe hanci da baki da takunkumi, ta nuna mata zare iri biyu da ake sakawa ƙarƙashin fata.

"Wannan mai santsi ne, a hankali yake aiki, sai an yi watanni fata ta yi ƙwari. Wannan kuma mai ƙaya ne, yana kama nama ya ɗaga shi nan take."

"Mai ƙayar nake so. Shi aka yi wa aminiyata."

Dokta ta taɓa kumatunta. Fatar ba ta da kauri sam. Ta san in aka sa mai ƙaya a nan, fuskar za ta tattare, ta kumbura, kuma a haka za a yi hotunan biki. Da bakinta ta zaɓa, wa zai ga laifin likita? Zuciyarta ta ce, yi mata! Har ta miƙa hannu ga allurar. Sai ta tuna ba ta taɓa cutar da wanda ya ba ta amanar fuskarsa ba, hannun ya ƙi gaba.

Ta janye takunkumin. "Hajiya, mai ƙaya bai dace da fatarki ba. Ba zan sa miki ba."

Hajiya ta zabura. "Ke ce? To, na gane! Baƙin ciki kike kada na yi kyau a bikin 'yata. Ke kaɗai ce likita a duniya?" Ta buga ƙofa ta fita.

Wani shagon gyaran jiki ta nufa, inda ba a tambayar komai. Can aka sa mata abin da take so.

Bayan biki Yaya ta shigo da gudu da waya a hannu. "Zo ki ga ikon Allah!" A hoton, kumatun Hajiya ɗaya ya haye sama, ɗaya ya lotsa, tana ta kare fuska da mayafi. Suka yi dariya har da hawaye. Dokta ta ƙara girman hoton, ta kalla, ta sake kalla.

Da yamma Injiniya ya zo, idonsa ja. "Hajiya ba ta ci, ba ta fita, wurin har ya fara ruwa. Ta ƙi zuwa asibiti don kunya. Ki taimake ni."

"Ni? Tsohuwa? Ai hannuna rawa yake!"

"Na san an cuce ki. Amma uwata ce."

"Ni kuma 'yar wani ce! Ranar da aka yi min dariya me ka ce? Ƙasa ka kalla!" Ta rufe ƙofa a fuskarsa.

Ta koma kan hoton, amma dariyar ta ƙi zuwa. Ta san abin da ruwan nan ke nufi: in aka bar shi, tabon ba zai goge ba har abada. Ta ja tsaki, ta ɗauki makullin mota.

Da kanta ta ɗauko Hajiya zuwa asibiti. Ta cire zaren, ta wanke wurin, ta ba ta magani. Kullum sai ta leƙa ta. Rannan tana canza mata auduga, Hajiya ta kama hannunta ta fashe da kuka.

"Kin gaya min gaskiya na zage ki. Kin samu dama a kaina, ba ki rama ba. Ki yafe min, 'yata."

Dokta ta so ta yi magana mai zafi, ta daɗe tana tanadinta. Sai hawaye suka riga ta.

Da fuskar ta warke, Hajiya ta ce zaɓi ya rage ga likita, aka sa mata mai santsi. Kuma ita ce ta tasa ƙannen mijinta a gaba suka je nema wa Injiniya auren Dokta. Yaya dai har yau ba ta goge hoton nan ba.

'Yan uwa, kada mu wulaƙanta mutum don shekarunsa, gobe muna iya neman hannunsa. Wanda kuma ya samu damar ramuwa ya danne zuciyarsa, Allah ba ya barin haƙurinsa ya tafi a banza.