Tanka ko Tifa

A makarantar koyon tuƙin manyan motoci ta fara ganinsa, inda take aikin karɓar sababbin ɗalibai. Ya shigo da fara'a kamar wanda aka yi wa albishir.

"Tifa, tirela, ko tanka?" ta tambaye shi.

"Tanka, Malama. Tun ina yaro ita nake mafarki."

Ta ɗago ta dube shi, shi ke nan zuciya ta tafi ko sallama babu. Kafin ya gama koyo ta zama Sanyin Idona, shi kuma Direbana.

Sai dai akwai Umma. Mahaifin yarinyar direban tanka ne. Wata safiya ya fita da lodin fetur, motar ta kama wuta a hanya, bai dawo ba.

"Ba ƙinsa nake ba, yaron kirki ne," in ji Umma. "Amma tanka ta sa ni takaba, ba za ki gaje ni ba. Ya kama tifa, ya yi jigilar yashinsa ya kwana a gida. In ya ƙi, zan amsa wa mai shagon tayan nan da ke neman aurenki."

Mai shagon taya kuwa, bawan Allah ko murmushi sai an roƙe shi.

Da ta faɗa wa Direbanta, fuskarsa ta sauya.

"Tifa fa kika ce? Kamfanin mai sun ɗauke ni aiki, har makulli sun ba ni. Yanzu in koma kwasar yashi?"

"Ni fa, Direbana?"

Ya sunkuyar da kai. Haka ya tafi, ta wuni abinci ya ƙi shiga.

Ranar da Umma ta ce za ta yanke magana, ta tura masa saƙo: "Direbana, yau ne. Ko kalma ɗaya ce ka turo min, don Allah."

Shiru. Ta kira, waya a kashe. Gabanta ya faɗi, domin ita da bakinta take gaya wa ɗalibai cewa a wurin lodin mai tun daga ƙofa ake karɓe wayoyi. Ke nan ya shiga ɗaukar lodi, ya zaɓi tankarsa. Ta shige ɗaki ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta fito.

"Umma, ki amsa wa mai tayar. Duk ɗaya ne a wurina."

Umma ta dube ta kawai, ba ta aika kowa ba.

Da la'asar wata tsohuwar tifa ta tsaya a ƙofar gida, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ya sauko, idanunsa jajir.

"Makullin tankar na je mayarwa a wurin lodi, Sanyin Idona. Wanda ya ba ka amana hannu da hannu, ba a sallamarsa ta waya."

"Ka yi kuka."

"Na yi. Ina son motar nan, ba zan yi miki ƙarya ba, kuma zan daɗe ina kewarta. Amma rashinki ne ba zan iya ba."

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Da suka durƙusa gaban Umma, ta dafa kansa.

"Na san abin da na raba ka da shi, ɗana, ka yafe min. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku tsufa tare."