Tsatsa a Kunamar Bindigar Nomau

Da sauran duhu Nomau maharbi ya rataya bindigarsa adaka, shi da ƙanensa Arzika suka bar bukkar da suka kafa a bakin kurmi, suka nausa ciki. Mutanen arewa ne, inda ƙarfe kan shekara a rataye bai sauya launi ba. Nan kuwa damina ta yi nisa. Ganye na ɗiga ko ba a ruwa, riga ba ta bushewa a jikin mutum.

Kullum Nomau kan goge bindigar da tsumma, ya shafe ta da man kaɗanya, ya toshe bakinta, ya naɗe wajen kunamar da fata. To amma man ya ƙare. Ɗan abin da ya rage ya shafa wa Arzika a ƙafa, inda kututture ya tsaga shi. Tun daga nan da busasshen tsumma yake binta, yana kallon tsatsa tana feso mata ja kamar ƙuraje.

Da hantsi suka ci karo da sawun ɓauna a taɓo, kofato mai faɗi, ruwa bai ko gama taruwa a cikinsa ba. Ita kaɗai ce, ba garke. Suka bi a sunkuye har inda tsuntsaye suka yi tsit. Sai ga huci daga cikin gamba, ga baƙin goshi da ƙaho ya ɓullo.

Nomau ya durƙusa, ya zare fatar, ya ja kunama zai ɗana. Ta cije. Ya sa babban yatsa ya danna da ƙarfi har farcensa ya tsage, ko motsi.

"Arzika, nemi bishiya," ya ce a hankali.

Shi ya sami ƙaton maɗaci ya haye. Arzika da ɗingishinsa bai kai ko'ina ba sai wata siririyar bishiya. Ɓauna ta bi shi, ta kai wa gindinta karo. Bishiyar ta girgiza, ƙasa ta tsage a saiwarta.

"Yaya, ba za ta riƙe ni ba."

"Ƙanƙame ta. Kada ka dubi ƙasa."

Nomau ya zaro wuƙa ya shiga kankare tsatsar, jan gari na zuba a cinyarsa. Ba ta saki ba, sai da mai. Ya laluba burgamensa, jakarsa ta fata, hannunsa ya faɗa kan soyayyar gyaɗar guzuri. Ya ɗora 'ya'yan a ƙotar bindiga, ya murƙushe su da gindin wuƙa har suka yi maiƙo, ya cusa a maƙogwaron kunamar yana girgiza ta. Ɓauna ta sake kai karo. Bishiyar ta karkata, ƙafafun Arzika na lilo dab da ƙahon.

Kunama ta yi ƙara, ta ja baya.

Bai san ko laima ta ci albarushin ba. Ya yi bisimilla, ya auna bayan kafaɗar ɓauna, ya saki. Bindiga ta yi tsaki ɗan lokaci kamar za ta ƙi, sannan kurmin ya amsa. Da hayaƙi ya washe, ɓauna na durƙushe, jini na zuba ta hancinta. Ta yi gurnani ta kife.

Nomau ya jira har ƙudaje suka sauka a idonta kafin ya diro.

"Sauko, ta mutu."

"Na ji, Yaya. Hannuwan ne suka ƙi saki."

Sai da Nomau ya hau ya ɓamɓare masa yatsu daga jikin reshen, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya goyo shi zuwa ƙasa.